Gumin Baƙar Mota

Tun kafin a kawo baƙar motar, Auta ta lura Baba ya fara sa yatsa a bakin kofi idan zai zuba shayi. Sai ya ɗan zura kan yatsan ciki, ya karkata butar, in zafi ya taɓa shi sai ya tsaya. Mama ba ta gani ba, don a lokacin tana kicin. Yaya bai gani ba, don shi idonsa a kan waya yake. Auta ta gani, ta kuma yi abin da ta saba yi da duk abin da ta gani, ta haɗiye.

A layinsu ba mai kiran Baba da sunansa. Madubi ake ce masa. Da wankin mota ya fara a bakin titi yana saurayi. Daga nan wani mai fenti ya ɗauke shi, ya riƙa goge masa motocin da aka fesa, har ya zama in mota ta fito daga hannunsa mutum zai iya gyara hularsa a jikin ƙofarta. Da maigidan nasa ya rasu, sai ya buɗe ɗan garejin da ke gaban gidansa, ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Ba ya gyaran inji, ba ya fesa fenti. Gogewa kawai. Yakan bi jikin mota da bayan yatsunsa, a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan bango, ya gaya maka inda tsuntsu ya taɓa yin kashi, da inda aka taɓa wanke ta da tsumma mai yashi. A cikin garejin nan ya ciyar da su, ya kai su makaranta.

Yaya kuwa, babban ɗansa, tunda ya samu aikin ofis yake neman Baba ya ajiye aiki. Wata rana Auta ta ji shi yana gaya wa Mama a tsakar gida, "Wallahi duk ranar da ya ɓata motar wani, ranar zan sa wa wurin nan kwaɗo. Ya huta haka nan." Baba yana ɗaki, taga a buɗe. Ranar bai taɓa abincinsa ba.

Motar ta wani likitan haƙori ce, abokin karatun Yaya. Ƙofa biyu gare ta, baƙa wuluk, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta kwanta da ciki, sai da aka sa katako kafin ta hau dakalin garejin. Likita ya zo da wata 'yar kwalba da ba ta fi tsawon yatsa ba, ya ce seramik ne, daga waje aka kawo masa, kuma ita ke nan guda ɗaya.

Baba ya san aikin, ya taɓa yinsa 'yan shekarun baya. Ruwa ne da ake ɗigawa a ɗan soso, a shafa wa fenti wuri kaɗan, a jira. Can sai ka ga wurin ya ɗauki launi kamar mai a kan ruwa, ya fito da ƙananan ɗigo. Baba gumi yake kiransa. Da zarar ta yi gumi sai a goge da tawul mai laushi, nan take. In aka makara, ko aka tsallake wani wuri, sai ya daskare ya zama tabo mai duhu, da tauri kamar gilashi. Kuma ba a taɓa shi da hannu. Da ido kawai ake gane shi.

Wannan ne ya hana Auta sukuni tun ranar da aka kawo motar. Wanki da folish da cire maiƙo, duk Baba ya yi su da bayan hannunsa, motar ta fito tana ɗaukar ido. Saura abin da hannu ba ya gani.

Ranar Asabar Likita ya zo da kujerarsa ta naɗewa, wai sai ya ga yadda za a yi wa amaryarsa, wato motar, kwalliya. Yaya ma ya fito ya jingina da bango, ya harɗe hannu. Aka sauke ƙofar garejin saboda ƙura, aka kashe fanka. Zafi ya cika wurin, ga warin maganin kwalbar yana hawa kai.

Auta ruwa kawai aka ce ta kawo. Ta ajiye, ta tsaya a lungu kusa da tsohuwar taya, ba wanda ya ce ta tafi don ba wanda ya lura tana nan.

Baba ya yi bisimilla ya fara da bonet. Nan ƙwan lantarki yake daidai sama, ya shafa tsaye, ya shafa kwance, ya ɗan jira, ya goge. Ya yi kyau. Likita ya yi tafi.

"Baba Madubi, ai in na fita da ita sai an tare hanya!"

"A bar ta ta kwana dai, Likita. Ko yawu kada ya taɓa ta yau."

"To ni da nake shirin sumbatarta?"

Suka yi dariya, har da Yaya.

Da aka zo ƙofa, haske ya ragu. Baba ya durƙusa, ya shafa, ya goge, ya matsa gaba. Daga inda Auta take tsaye tana hango abin da ya bari: wani layi mai tsawon tafin hannu, ƙasa da mariƙin ƙofar, yana ta canza launi, shuɗi, kore, ja. Yana gumi. Baba ya riga ya juya masa baya yana ɗiga magani a soso.

In ta ce "Baba ka bar wuri" a gaban baƙo da Yaya, ta gama da shi. In ta yi shiru, tabon ne zai faɗa da kansa. Ita ko a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Launin ya fara dushewa, yana komawa duhu.

"Baba," ta ce. Muryar ta fito siririya, sai da ta sake. "Baba, wannan shi ne gumin da kake faɗa? Wannan na ƙasan mariƙi?"

Hannun Baba ya tsaya cak. Bai waiwayo ya dube ta ba. Ya ɗauki tawul, ya dawo, ya goge ƙasan mariƙin daga wannan gefe zuwa wancan, fiye da inda ya kamata.

"Shi ne," ya ce. "Da gangan na bar shi ya nuna. Zo ki tsaya nan kusa, in koyo kike so. Ɗauki tocilan can."

Ta ɗauka. Ta haska jikin motar.

Haka suka ci gaba. Ba ta ce masa ya yi kaza ba ko sau ɗaya. Tambaya kawai take yi. "Baba, nan kusa da madubi ma yakan yi gumi?" Sai tawul ya je kusa da madubi. "Baba, in ya fara ja-ja haka, ya isa gogewa ke nan?" Sai ya ce, "Ya isa," ya goge. In ta yi shiru, ya san wurin ya fita. Rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya. Wani lokacin sai ya ce, "Ba ki da wata tambaya?" ita kuma ta bi fentin da haske sannu a hankali kafin ta ce, "Babu, Baba."

Likita ya ce, "Auta, ke ma sana'ar za ki gada? Da digirinki?"

Ta sunkuyar da kai.

Yaya ne abin ya ishe shi. "Ke, wai tun ɗazu tambaya ɗaya kike ta maimaitawa kamar lalataccen rediyo. Kin hana mutum aiki. Je ki kawo wa baƙo abin sha mai sanyi."

"Bar ta," in ji Baba.

"Baba, baƙo ne fa zaune da ruwa mai ɗumi. Ke, tashi mana!"

Ta dubi Baba. Ya riga ya shafa wa gefen baya magani, saman taya, inda jikin motar ya lanƙwasa, inda haske bai kai ba. Ba zai iya cewa "kada ki tafi" sau biyu ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ta ajiye tocilan ta fita da gudu.

A kicin Mama ta ce kofunan baƙi suna can saman kabad, a ɗauraye su tukuna. Ƙanƙara ta ƙi fita daga mazubinta. Mama ta ce ai ba a kai wa baƙo abu ba tire, ta shiga neman tiren. Auta tana tsaye tana ta leƙen ƙofar garejin.

Da ta dawo, Baba ya zagaya ɗaya gefen, ya tsaya da soso a hannu bai shafa ba, yana ta gyara tawul, yana jan lokaci. Ta miƙa wa Likita tiren, ta ɗauki tocilan ta haska saman tayar baya. Ga shi nan. Faɗin tafin hannu biyu, mai duhu, kamar inuwar da ta ƙi tashi. Babu sauran launi a jikinsa.

"Baba... wannan fa?"

Ya zo ya goge. Ya sake gogewa da ƙarfi. Ya ɗiga sabon magani a kai ko zai narke, ya goge. Ya ɗago kai wajenta, yana jiran ta ce babu tambaya. Ba ta ce ba.

Likita ya taso da kofi a hannu, ya kunna fitilar wayarsa. Dariyar ta bar fuskarsa. "Kai. Mene ne wannan?"

Yaya ya bar jikin bango ya matso. Can waje wani mai babur ya wuce.

"Ni ce," in ji Auta. Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. "Da zan fita gyalena ya goga wurin."

"Na faɗa!" Yaya ya juyo kanta. "Tun ɗazu nake cewa ki fita, kin tsaya kina..."

"Kai." Baba bai ɗaga murya ba. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ajiye tawul a kan benci. "Gyale ba ya yin wannan. Likita, ni na bar shi. Ban gan shi ba." Ya juyo wajen Yaya. "Ba shi kaɗai ba. Tun ƙofar farko ba na ganin gumin. Hazo nake gani, ya kwana biyu. Yarinyar nan ke gani min tun safe."

Yaya ya dubi ƙanwarsa, ya dubi tocilan da ke hannunta.

Likita ya sosa ƙeya. "Subhanallahi. Baba, ai da ka faɗa... To yanzu ya za a yi? Ta lalace ke nan?"

"Ba ta lalace ba. Tunda ya daskare, yanzu hannuna zai ji shi. Zan cire da inji, a sake shafawa. In ka yarda. In ba ka yarda ba, motarka ce." Ya ɗaga kwalbar ya girgiza ta kusa da kunnensa. "Saura kaɗan. Ba wurin kuskure na biyu."

Likita ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya koma ya zauna a kujerarsa. "Ni ma mutane da yawa sun ba ni amanar bakinsu suna fargaba, amma sun buɗe. Yi, Baba."

Baba ya jona injin gogewa, ya bi wurin da bayan yatsu, ya goge, ya sake bi, har hannunsa ya daina tsayawa. Ya share maiƙon. Ya ɗiga abin da ya rage a soso, ɗigo-ɗigo, saura duk gefe guda na mota.

"Kai, riƙe mata fitilar," ya ce wa Yaya. "Ke kuma, bar tambaya. Faɗa min kawai."

Ya shafa. Auta ta durƙusa har kumatunta ya kusa taɓa fentin. Baƙi. Baƙi. Sai shuɗi ya fara tasowa daga gefe.

"Yanzu, Baba. Goge." Ta ji muryarta ta cika garejin. "Hagu. Ƙara ƙasa. Yaya, ɗaga hasken, kana rufe min. Nan. Ya fita."

Yaya ya ɗaga hasken.

Kwalbar ta ƙare daidai kan bamba ta baya, sai da Baba ya kife ta ya bubbuga gindinta. Auta ta zagaya motar da tocila, ta sake zagayawa. Ta ce babu komai. Likita ya yi godiya, ya ce jibi zai zo ya ɗauka, ya naɗe kujerarsa ya tafi a motar haya.

Suka rage su uku. Yaya yana ta juya tocilan a hannu.

"Baba, Litinin zan ɗauki hutu. Mu je asibitin ido."

"To."

"Wurin nan kuma..."

Baba ya laluba aljihu ya ciro makullin garejin. Yaya ya fara miƙo hannu, amma Baba ya wuce shi, ya sa a tafin Auta ya naɗe mata yatsu a kai.

"In rufewa ta kama, ita za ta faɗa. Ita ta ga abin da nake iyawa da wanda ba na iyawa. Kai ba ka gani ba."

Yaya ya sauke hannunsa. Ya ce, "Litinin da sassafe, Baba," ya shige gida.

Auta tana nan tsaye, ƙarfen makullin da ɗumin aljihunsa a hannunta. Baba ya zare wayar injin daga bango, ya naɗe ta a hankali tsakanin gwiwar hannu da babban yatsa, ya laluba ƙusa ya rataye.