Robar da Ta Cinye Mana Irin Shinkafa

Ana sallame asuba muka bar Argungu a cikin a-kori-kura, ni da ƙanena da direba. Za mu Birnin Kebbi ɗauko irin shinkafar noman rani na ƙungiyarmu, wanda na ajiye a siton wani aminina saboda rumbunanmu ɓera ya dame su. Ni na kawo shawarar, manoman unguwarmu suka yarda da ni.

Hanya lafiya lau. A Ambursa muka tsaya shan koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har ƙanena ya tambayi mai tuya ko da cokalin shayi take zubawa. Fadama kuwa duk ta cika da ƙarar injin ban ruwa, kowa yana gyaran wurin yafa iri.

Siton yana ƙasan wani sabon bene ne: shaguna a ƙasa, sama kuma fili na kankare inda motoci ke hawa su faka. Aminina yana buɗe ƙofa wani wari ya buge mu. Buhunan sun jiƙe sharkaf. Na sama sun tsiro, fararen saiwoyi sun huda buhu, na ƙasa sun yi baƙi sun ruɓe. Ga shi rabonmu da ruwan sama tun ƙarshen damina. Aminina ya dafe kai, ya ce tun da ya rufe siton ya tafi ƙauye jinyar mahaifinsa.

Wata 'yar kudu mai sayar da atamfa a shagon kusa ta leƙo.

“Alhaji, hau sama ka gani,” ta ce mini. “Na yi magana har na gaji. Ni leda na rufa wa kayana.”

Muka hau. Ashe kankaren gida biyu aka zuba shi, aka bar tsaga a tsakani domin ya samu wurin motsi idan rana ta gasa shi. Wata doguwar roba mai kauri ake cusawa a tsagar don ta tare ruwa. Na durƙusa na danna abin da na ɗauka roba ce, yatsana ya nutse. Kwali ne aka cusa, aka shafe shi da baƙin fenti! A gefe kuma ga masu wankin mota suna ta kwara ruwa, kumfa na gangarawa cikin tsagar, daidai kan sitonmu.

Na nemo mai kula da ginin. Ko tashi daga kujerarsa bai yi ba.

“Robar ta tsage tun bara,” ya ce. “Mun hwaɗa ma maigida, yac ce a liƙe haka nan kahin a kawo wata daga Legas.”

“Kuma kunka bari ana wankin mota bisa?”

“Wanga ba ruwana, Alhaji.”

Ba don ƙanena ya riƙe mini hannu ba, ban san abin da zan yi ba. Maigidan kuwa wayarsa a kashe.

Muka tsince buhunan da suka tsiro, ko za a yafa su da gaggawa a samu wani abu, muka juyo.

Abin da na koyo shi ne, kafin ka ajiye kaya a ƙasan bene, hau sama ka taɓa da hannunka, kada fenti ya ruɗe ka. Mun iso da la'asar, manoma suna tsaye ƙofar gidana da amalanke. Wani dattijo ya leƙa bayan motar, ya juyo ya dube ni.

“Ina sauran?” ya ce.