Kiɗan Yaya Auwalu da Baffa ya ce a share

Shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya Auwalu, kuma ni wallahi ban so aka sako ni cikin wannan maganar ba. Ina zaman zamana a shagon cajin waya a Tudun Wada aka aiko in zo gida Doguwa, wai Baffa na nemana. Laifina ɗaya: duk dangi ni kaɗai na san lambar buɗe kwamfutar marigayi. Ba shi ya ba ni ba. Leƙen yatsunsa na yi, don in riƙa kallon ƙwallo idan ya fita.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni a aji uku na sakandare na ce wa boko sai wata rana, shi kuwa har kwaleji ya je ya karanto kiɗa. Ya dawo yana rubuta shi a takarda, wasu baƙaƙen ɗigo a kan layi biyar kamar kashin awaki. Sai ya tara tsofaffin masu goge uku, ya ɗauki sautinsu, ya zuba a kwamfuta, ya haɗa da wani gurnanin inji mai shiga ƙirjin mutum. Ba waƙa, ba kirari, ba sunan kowa. Nakan ce, "Yaya, yaushe za a fara?" Ya ce, "An kusa gamawa, sakarai."

Bai tsinci komai a ciki ba. Masu biki suka ce ba ya rawuwa, manya suka ce kiɗan bori ne aka sa wa wando. Yana da shekara ashirin da tara motar haya ta kife da su a hanyar Falgore.

Yanzu zo ka ji. Wani ya yanko ɗan guntu daga kiɗansa guda da ya fita, ya ƙara masa gudu, yara na ta rawa da shi a waya, har a tallan man shafawa na ji shi. Ba wanda ya san mai shi. Nakan ce da yana nan, murna zai yi ko kwana uku zai yi bai ci tuwo ba? Mutumin da zai sa tsoho ya maimaita abu sau ashirin don tsirkiya ta ɗan saki. Biyu daga tsofaffin ma sun bi shi. Na ukun ido ya tafi, ya rataye gogensa.

Rawar nan ce ta kai kunnen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ke riƙe da gidan tun da Baba ya rasu. Na iso bayan la'asar na tarar da kwamfutar a kan tabarma a tsakar gida.

"Buɗe ka share komai," in ji shi. "Duk wanda ya taka rawa, a kabarin yaron nan ake sauke zunubin. Kiɗan da ya fita ya fita. Saura kada su bi."

Ba mugunta ba ce. Shi ya wanke gawar, idonsa ma ya kaɗa. Na ce, "Baffa, ai wannan ko mai rawa ya ji barci zai yi." Ba wanda ya yi dariya. Kiɗa goma sha ɗaya ne a ciki da ba wanda ya taɓa ji, kuma babu su a ko'ina sai nan. In na danna, shi ke nan, Yaya ya koma guntun tallan man shafawa. Na buɗe, na roƙi a bar ni in kunna na ƙarshen ko sau ɗaya.

Goge ya taso a hankali. Can ƙasa sai ga ƙarar turmi. Kiɗan ya tsaya, muryarsa ta fito: "Inna, don Allah a ɗan tsagaita dakan nan, minti biyu kacal." Sai dariyarsa.

Na manta yadda yake dariya, sai ranar. Abin da ya rage mana ke nan nasa, ba hoton kirki, ba ɗa, ba mata.

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ranar jana'iza ma ba a ga hawayenta ba. Ta taso, ta sunkuya ta ɗauke kwamfutar daga gabana, ta sa a ƙarƙashin mayafi.

Baffa ya ce, "Hajiya, ki duba fa. Alhakin a kansa yake."

Ta ce, "Shi ya riga ya tafi, Malam. Ni zan saurara, ni za a rubuta wa."