Abokin Mushe

Mu biyu muka baro Maradi bayan an rufe masana'antar man gyaɗa da muke aiki, ni da abokina. A can ni ne mai gyaran injin matsa, shi kuwa miƙo mini sifana yake yi yana zuba surutu. Da muka sauka Tamanrasset muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Gataa El Oued, muna waldar ƙofofi.

Wata rana wani Balarabe mai ƙaramar lekkol, wato makaranta, ta koyon sana'a ya zo neman wanda ya taɓa aiki a masana'anta, don ɗalibansa su san yadda aikin yake a zahiri. Ni ya fara tambaya. Na amsa a gajarce na koma kan ƙarfena. Abokina ya saki Faransanci da guntun Larabcinsa, kafin shayi ya huce an ɗauke shi.

Ba a jima ba ya ɗinka farar riga. Samarin Zinder da Agadez suka riƙa kiransa Mushe, wato malam da Faransanci, kamar malaman lekkol na gida. A Kasuwar Assihar sai su rusuna masa, ni a ɗaga mini hannu, wandona duk hudar tartsatsi.

Ranar da na kai taga lekkol ɗin, na tsaya bakin aji na ji abokina yana ce wa ɗalibai, "Kafin ku kwance inji, ku ɗora masa hannu ku saurare shi." Maganata ce, ni na koya masa. Suna ta rubutawa.

Ya hango ni ya ce, "Ga gwanin nan! Shigo ka nuna musu."

Na kwance famfon da ke kan tebur na mayar, tun ba su gama matsowa ba.

Wani ɗalibi ya ce, "Baba, ai ba mu ga komai ba."

"Haka ake yi," kawai na iya cewa.

Abokina ya sake kwance shi sannu a hankali, yana faɗin sunan kowane ƙarfe, suna gyaɗa kai.

Muna cin tuwo ya ce in riƙa zuwa duk Alhamis. Na ce aiki ya yi mini yawa. Daga baya dai na je, na shekara biyu ina zuwa. Har suka gama, abokin Mushe suke ce mini.