Yaya Hamisu da Rabon Ruwan Kogi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Hamisu makwancinsa a Unguwar Gai, amma har yau in na zo gadar da ke kan hanyarmu ta zuwa Rano, sai na rage gudun babur na leƙa ƙasa in ga inda ruwa ya tsaya. A wurinsa na ɗauki wannan ɗabi'a, kuma ba ta barin mutum ya samu natsuwa.

Manomin rani ne, tumatir da albasa a bakin kogi. Da mulki ya dawo hannun farar hula, injinan ban ruwa suka cika gaɓar, wasu rabon 'yan siyasa, wasu gumin mai su. Kowa na murna, shi kuwa ya kasa zama. Ya lura kogin na janyewa tun tumatir bai nuna ba, masu gonakin gangare na tonon yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Damina ma ta daina zuwa yadda muka san ta muna yara: bana ta makara, baɗi ta zo da ambaliya. Sai ya shiga bin mutane gida-gida, yana roƙon a raba kwanakin tada inji tsakanin na sama da na gangare, a kuma bar mashaya don shanun maƙwabtanmu makiyaya.

Aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowace magana sai an auna ta da addini. Alhaji Ɗanlami, wanda ya fi kowa injina a sama, ya ce, "Malam Hamisu, kana magana kamar ka san abin da damina za ta yi baɗi. Ina tawakkalinka?"

"Ban sani ba, Alhaji, shi ya sa nake tsoro," in ji Yaya. "Ruwa na Allah ne, amma hannun da ke tada injin namu ne."

Aka amince, wasu suna gunaguni. An yi 'yan shekaru ana bin tsarin, na gangare suka cire albasarsu, ba a kai ƙarar makiyayi ko ɗaya ba. Sai aka yi wata damina mai ƙarfi, kogi ya tumbatsa ya share gonaki, har da ta Yaya. Da rani ruwa ya wadata, mutane suka ce dama tsoron banza ne, kowa ya koma tada injinsa ranar da ya ga dama. Yaya ya yi ta yawo yana cewa shekarar yalwa ce ta fi sauƙin riƙe tsari, babu mai saurare. Daga baya ya kwanta rashin lafiya, jinyarsa ba ta daɗe ba. Ko a gadon asibiti a Rano, masu dubiya sai sun fara ba shi labarin kogi kafin ya amsa musu ya jiki.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Tifofi na kwasar yashi tun daga safe. Mai hali ya haƙa burtsatse a gonarsa, in ta ƙafe ya ƙara zurfi. A rediyo ana ta maganar sauyin yanayi, su ma masana na cewa ba za su iya rantsuwa a kan daminar gaba ba. Ba na jin zai yi murnar maganarsa ta fito, ba halinsa ba ne. Takalminsa zai nema, ya koma bin mutane gida-gida.

Bai bar gini ba, gonarsa ma magada sun raba. Amma ranin da ya wuce, bayan an fasa wa wani kai a kan tiyon ruwa, manoma biyu suka yi mini sallama, ɗaya na sama, ɗaya na gangare. Babbansu ya ce, "Malam, ta yaya marigayi ya raba kwanakin nan?"

Na faɗa musu iyakar abin da na tuna. Sun ce za su tara mutane kafin a sa iri. Ban sani ba ko za a yarda, ko in an yarda za a riƙe bayan damina mai kyau ta farko. Allah Ya jiƙan Yaya. Ni dai na ce musu in ranar ta zo su biyo ta gidana, mu tafi tare.