Yadda Darasin Lissafi Ya Cinye Irin Gyaɗar Mahaifiyata

Shekarun baya, ni ɗin nan da kuke gani na taɓa zama hedimasta na kwana goma sha ɗaya, aka tsige ni babu ko takardar sallama. Wanda bai yarda ba ya hau mashin ya je garinmu Yako ya tambaya, har kajin unguwarmu sun san labarin.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba ce. Shagona na gyaran waya a Kano ya tsaya cak, na tattaro na dawo gida. Na tarar yarana uku sun mayar da tsakar gida filin yaƙi: takalmi a cikin turmi, ludayi a kan katanga. Matata tana shara sau biyar a rana, kafin ta ajiye tsintsiya an sake zubawa. Na ce a'a, gidan mai ilimi ba zai zauna haka ba. Zan buɗe makaranta, kuma zan kawo tsari.

Ɗakin ajiya na mayar aji. Na rataye tsohuwar garma a matsayin ƙararrawa, na jera buhuna da tukwane daga babba zuwa ƙarami, kamar kanti a birni. A ciki har da wasu tukwanen gyaɗa guda biyu da ke bakin ƙofa, ɗaya dama ɗaya hagu. Da na ga tsawonsu bai dace da layina ba, sai na musanya musu wuri. Ni a ganina ma lambar yabo ya kamata a ba ni.

Ranar farko aka zo lissafi, babu abin ƙirge. Na ɗaga murya daga aji, "Maman yara, wacce ce gyaɗar ci?"

Tana daga madafa ta ce, "Ta hagu!"

To jama'a, ku yi mini adalci. An ce ta hagu, na ɗebi ta hagu. Ina laifina?

Na raba wa kowa ƙwaya ashirin, muka shiga ɗebewa. 'Yar autata ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, wadda aka ɗebe ina za a kai ta?" Na ce ladan wanda ya amsa daidai ce. Wallahi daga ranar babu wanda ya ƙara faɗuwa lissafi a gidanmu. Tun kafin in buga garma suna zaune sun naɗe ƙafa. In na ce yau tarawa za a yi, sai su ce su dai ɗebewa ba su gane ba, a maimaita. Ni ma dai nakan ɗan jefa 'yan ƙwayoyi a baki, ai mai duba jarrabawa ba ya aiki da yunwa. Gyaɗa ce ja, 'yar ƙarama, zaƙi kamar an zuba mata suga.

Rana ta goma sha ɗaya aka wayi gari da ruwan shuka. Sai ga mahaifiyata ta shigo ajina da ƙwarya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi dama, ta dubi hagu, ta buɗe tukunyar da muke ɗiba. Hannunta ya yi ta tafiya har kafaɗa kafin ya taɓa ƙasa.

Ashe irinta ne. Irin da ta gada wajen mahaifiyarta a Ba'awa, wanda ba a samunsa a kowace kasuwa, ta ɓare shi ta tsince ƙwaya-ƙwaya tana jiran damina. Abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba.

Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, ina irina?"

Kafin in haɗa bayani, auta ta yi tsalle, "Kaka, na iya ɗebewa har ashirin!"

Nan take aka sauke garmata. Aka tura ni Ba'awa cikin caɓi wajen ƙanwar mahaifiyata, na durƙusa na yi gaisuwa mai tsawo, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai da ta kira maƙwabta suka sha dariya suka ƙoshi, sannan ta auno mini rabin tiya. Damina biyu aka yi kafin tukunyar ta sake cika.

Matata ta karɓi makarantar. Da tsakuwa take koya musu, kuma ba a fara darasi sai kowa ya mayar da abin da ya ɗauka wurinsa. Abin haushi, gidan ya gyaru tsaf. Yaran suna cin lissafi a makaranta har yau, amma babu wanda ya taɓa cewa ni na kafa tubalin.

Na dai koyi cewa in ka ga abu a wani wuri a gidan mata, ka bar shi, akwai dalili. Amma haushin bai sake ni ba. Ko bara sai da na sake tayar da maganar, na ce, "Inna, da an rubuta IRI a jikin tukunyar ai da ba a yi haka ba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "A rubuta wa wa? Shekara arba'in tana hannun dama, ko akuyar gidan nan ba ta taɓa kuskure ba, sai da mai karatu ya dawo daga birni."