Abin da Hoton Idona Ya Nuna

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ban ce komai a nan ba. Wasu sun turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ban amsa ba. Ba wulaƙanci ba ne. Karanta saƙon ne ya gagare ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hauwa'u. Ina koyarwa a wata firamare a Kurfi, amma a Dutsin-Ma muke zaune.

Ina cikin aji abin ya fara. Ina rubutu a allo sai na ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo a idona na hagu kamar ƙananan ƙudaje. Har na kai hannu in kore su. Yara suka yi dariya, ni ma na yi.

Bayan kwana biyu sai walƙiya a gefen idon, da rana tsaka, ba hadari. Ba zafi, ba ja, ba hawaye. Shi ya sa na yi sakaci. Na sayi maganin ɗigawa a kemis na ce gajiya ce.

Ranar kasuwar Kurfi ina tsaye ana auna mini wake, sai wani duhu ya taso daga ƙasan idon kamar ana jan labule. Na rufe na dama in gwada. Rabin fuskar mai awon babu.

Washegari maigidana, Malam Bashir, ya rufe shagonsa na hatsi ya kai ni asibiti a Katsina. Daga can aka tura mu Kano. Likitar idon mace ce. Ta daɗe tana haska ni kafin ta yi magana.

"Malama, akwai wani tantani can bayan ido, shi ke ɗaukar gani. Naki ya ɓamɓaro daga mazauninsa. Sai an yi aiki, kuma ba ya jira."

Aikin ya ci awakina da ke wurin Innata a Wurma. Aka mayar da tantanin, aka cika idon da wata iska don ta danne shi. Sharaɗin: kwana goma fuskata na kallon ƙasa.

Kwana goma a kife.

Malam ya fita shago tun safe, yaranmu su tafi makaranta, gida ya yi tsit. Na haddace saƙar tabarmar ɗakina. Masu dubiya da ƙafafunsu nake gane su. Inna ta zo ta yi kwana uku, ban ga fuskarta ba, sai faso a duga-duganta da hannunta a bayana. Ta koma saboda Baba ma ba lafiya gare shi ba. Da ta fita na yi kuka, hawayen na ɗiga kai tsaye a tabarma.

Amma ba wannan ne ya fi mini ciwo ba.

Bayan wata biyu idon ya yi fari tas. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Alhamdulillahi, kin warke sarai." Ni kuwa in na dubi ƙofa a karkace take. In na buɗe littafi layukan su lanƙwashe, wasu haruffan su ɓace. Daga makaranta ana ta tambayar yaushe zan dawo. Malam ma wata rana ya ce, "Hauwa'u, likita fa ta ce tantanin ya manne. Ki daure, kar ki sa wa ranki."

Ba mugunta ba ce, ya gaji ne. Daga ranar na daina faɗa wa kowa. Har na fara zargin kaina.

Da muka koma Kano na gaya wa likita a hankali, kamar mai laifi. Ta ce za a ɗauki hoton ƙananan jijiyoyin jini na bayan idon. Ba allura, ba zafi. Ka ɗora haɓa a na'ura, ka zuba wa wani ɗan haske ido, kar ka ƙifta.

Ta kira Malam ya shigo. Ta jera hotuna biyu a kwamfuta. Idon dama cike yake da fararen zare sirara, sun sarƙe kamar raga. Na hagu kuwa zaren ya yi tsilli-tsilli, ga wurare baƙaƙe a kusa da tsakiya.

"Malam, ka ga nan? Tantanin ya manne, gaskiya ne. Amma jijiyoyin da ke ciyar da wurin karatu sun ragu. Abin da take faɗa haka yake. Wasu kan farfaɗo a hankali, ba zan yi alkawarin duka ba."

Ban taɓa zaton labari irin wannan zai sanyaya mini rai ba. Ashe ba ni na ƙirƙira ba.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Kankia. Can Malam ya ce, "Ki yafe mini. Na ɗauka tsoro ne kawai."

Hoton da aka sake ɗauka watan jiya ya nuna wasu wuraren sun fara cikowa, wasu suna nan yadda suke. Na koma aji. Ina rubutu da manyan baƙaƙe, ina duba littattafan yara kusa da taga. Ƙofa har yanzu tana ɗan karkata in na rufe idon dama. Na gode wa Allah da abin da Ya bar mini. Na gode wa likitata, da Inna, da Malam, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Don Allah, duk wanda ya ga ɗigo-ɗigo sun yawaita masa kwatsam, ko walƙiya, ko duhu daga gefe, ya je wurin likitan ido a ranar. Kar ya jira zafi, ba zai zo ba. Bayan aiki kuma kar a yi wasa da ranakun komawa asibiti.

In kuma naku ne ya ce muku har yanzu ba ya gani daidai, ku yarda da shi. Kar ku bari sai na'ura ta shaide shi.