Rumbunan da aka hana mu yaɓewa

Gidan da aka hana ka gyarawa don baƙi su zo su gani, naka ne har yanzu ko nasu? Na tambayi fastonmu, na tambayi matan zumunta, ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna mini. Ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake yi ana rubuta mini, kuma na ce kar a rage ko ɗaya.

Gidan yana gindin dutse ta wajen Mugulbu. Kakan maigidana ne ya kafa shi, da katangar duwatsu da aka jera ba siminti, da ɗakuna zagayayyu, da rumbuna uku a tsakar gida. A nan aka kawo ni amarya. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida zai haƙo jar ƙasa daga bakin mayo, wato rafinmu, ya cuɗa ta da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta ta jiƙa. Mu mata mu yaɓe rumbunan da hannu, maza su hau su ɗaura sabuwar jinka. Ba mu taɓa ɗaukar wannan wani abin kallo ba. Dawa muke ɓoyewa daga ruwa da gara.

Da ƙafa ta gaza mana muka dawo Sabon Layi wajen babban ɗanmu. Amma ko a lokacin, rani na yin nisa sai tsoho, maigidan nawa, ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi yaɓensa. Shekara biyu ke nan ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Har yau in na dama kunu sai na ga na zuba kofi biyu.

Bayan rasuwarsa ɗan nawa ya kai wasu abokan aikinsa su ga gidan. Suka ɗauki hoto suka sa a waya. Shi ke nan, sai ga mutane daga Yola, ga ɗalibai cike da mota, har da masu shirin aure da ke zuwa su jingina da rumbun surukata ana ɗaukar su. Ɗan nawa ya sa mai gadi, ana biya a ƙofa. Matan unguwar suna sayar da gyaɗa da kunun zaƙi. Ba zan yi ƙarya ba, da kuɗin aka yi mini aikin ido, da shi jikokina biyu suka koma makaranta.

Da lokacin yaɓe ya zo na ce masa a nemo ƙasa.

Ya ce, "Mama, kar a taɓa. Tsohon abu suke zuwa gani. In kika shafa sabuwar ƙasa, za su ce jiya aka gina."

Na ce, "Kai, da ubanka bai shafa ba, me za ka nuna musu yau? Tudun ƙasa?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsagewar nan da kike gani ita ce kasuwar."

Tsagewa ce kasuwa! Ni da na haife shi a ɗakin da ke kallon rumbun nan.

Ruwa ya sauka, ƙaramin rumbun ya zube. Na ce to, yanzu zai ji. Ina! Sai ya zagaye ɓaraguzan da igiya, baƙi suka fi taruwa a wurin. Wata yarinya mai gilashi ta tambaye ni ko yaƙi ne ya rushe shi. Na ce mata a'a, ɗana ne. Ta rubuta a takardarta, shi kuma ya kwana biyu ba ya cin tuwona.

Saura biyu yanzu. Babban ya tsage daga wuya har ciki, hannuna yana shiga. Ba zai kai ƙarshen daminar bana ba. Na san yaron ba mugu ba ne, kuma na san in baƙi suka daina zuwa, matan gyaɗar nan ni za su zaga. Duk na auna. Amma na yi magana da mata huɗu 'yan zumunta waɗanda hannunsu bai manta ba, mun sa an kawo ƙasa a amalanke, tana jiƙe a bayan katanga. Ranar Asabar za mu yaɓe, ko motar baƙi na tsaye. Su ɗauke mu hoto in suna so. Na faɗa wa ɗana da bakina, shi kuwa wayarsa kawai yake dannawa.

Ranar da tsoho zai tafi, da hantsi, ina goge masa fuska, na zaci zai yi mini maganar yara ko ta gona. Sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ƙasar da na jiƙa tana bayan rumbu. Ki zuba mata ruwa, kar ta bushe kafin in tashi."